Ramar da Na Kulle a Ɗakin Malam

Mantuwa ta fara kama ni, sai in yi ta neman carbi alhali yana wuyana, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya tsakiyar gidan biki rungume da bokiti ba, ina cika baki gaban matan unguwa. Ni ban yi karatu ba. Auta, ɗiyata ta ƙarshe, ita ke rubuta wannan ina faɗa mata. (Na ce mata inda ta ji dariya ta daure, inda na yi kuka ta jira ni.)

Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ne ladanin masallacin unguwarmu a nan Ƙofar Sauri. Ya rasu cikin bazara bayan 'yar gajeruwar jinya, ya bar ni da gida fayau. Har yau in na ji an kira asuba da muryar da ba tashi ba, sai hawaye sun zubo mani kafin in tashi alwala. Ba na ɓoyewa, kowa a unguwa ya san ni da kukan Malam. Mutum ne marar hayaniya, abu ɗaya ne ya ɗauke mashi hankali a duniya, wato kanari. Yana da su cikin keji a wani ɗan ɗaki kusa da zaure. In ya dawo daga masallaci can yake wucewa, ya yi ta yi masu fito yana yi masu hira. Ni kuwa haushinsu nake ji. Mutumin da sai na yi ta jan shi da magana kafin ya ce mani uffan, ga shi can yana tambayar tsuntsu yadda ya kwana. Sai na yi wa ɗakin yaji. Shekara da shekaru ban taɓa share shi ba, ban taɓa leƙa abin da yake ba su ba, in ya kira ni in zo in ji wani ya fara kuka sai in ce tuwo na kan wuta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajiya Dije. Kusan tare aka kawo mu unguwar muna amare, amma a komai ita ce gaba. Ta riga ni haihuwa, ta riga ni aurar da ɗiya, ta je Makka ni kuwa ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Mijinta Alhaji Mamman tsohon ma'aikacin kwastan ne, ya daɗe yana aiki bakin iyaka wajen Jibiya, kuma aminin Malam ne na ƙut da ƙut. In faɗi gaskiya, Hajiya ba ta taɓa yi mani mugunta ba. Wannan ma ya fi komai ba ni haushi, don da ta taɓa yi da na samu inda zan rataya abin da ke cina.

Tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, zogale da yakuwa da kuɓewa, sai rama wadda kowace damina take zarce katangarmu tana leƙo mani gida. Da ita take yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli ta rarraba wa maƙwabta, a yi ta yabo kamar ba a taɓa cin rama a Katsina ba. Da nake takaba, ba fita ba shiga, sai in zauna tsakar gida ina jin su ta bayan katanga. Alhaji na jawo ruwa, ita tana ce mashi ya cika zubawa zai kashe mata shuka, shi yana dariya yana cewa to ta zo ta karɓa. Ina jin haka sai in ja mayafi in rufe fuska.

Bayan sadakar arba'in aka ba wani ɗan'uwan Malam tsuntsayen. Ranar ce na fara shiga ɗakin da tsintsiya. Buzunsa na nan, ƙamshinsa na nan, na zauna na yi kuka mai isata. Ina shara sai na ga wani gwangwanin madara a bakin taga, an rufe bakinsa da ƙyalle an ɗaure da zare, irin ɗaurin Malam mai kyau. Na kwance, sai ga iri a ciki, 'yan dunƙule-dunƙule masu ruwan toka da zane-zane.

Nan take wata magana ta faɗo mani. Akwai ranar da na yi wa Malam mita, na ce Alhaji ya yi wa matarsa lambu, ni ko tattasai ba a taɓa dasa mani ba. Bai ɗago kai ba ya ce, "In Allah ya kai mu damina." Da na ga gwangwanin nan sai na ce shi ke nan, alkawarin ne, ya tanadi irin, sai ajali ya riga shi. Na rungume gwangwanin madara ina kuka kamar shi ne Malam ɗin.

Ruwan farko na sauka na shuka. Na samo tsohon bokitin fenti, da fasasshen tulu, da robar wanki da ta tsage, da duk wani abin da zai riƙe ƙasa, na jera su cikin ɗakin tsuntsayen. Tagar ɗakin tana kallon lungun da Hajiya ke bi in za ta unguwa, saboda haka na toshe ta da buhu, na sa wa ƙofar kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zane. Dalilina biyu. Na farko ina tsoron idonta. Na biyu ina so sai abin ya girma ya fi nata sannan in fito da shi gaba ɗaya, in ga yadda fuskarta za ta yi.

Suka tsiro kuwa. Da ganyen ya fara buɗewa sai na ga ya rabu yatsu-yatsu, baki-baki kamar zarto. Na ce rama ce. (Kada a yi mani dariya da wuri. Ni haihuwar Gobarau ce, cikin birni tsundum, ban taɓa riƙe fartanya ba. Ramar da na sani ita ce wadda ke leƙo mani ta kan katanga, da wadda ta riga ta dahu a cikin kwano. Duk wanda ya san ganyen rama ya san yatsu gare shi.) Warin ya ɗan bambanta, amma na ce ai irin ba na nan ba ne, Malam ba zai tanadar mani rama gama-gari ba.

Ranar da na fita takaba mata suka cika gidan suna yi mani barka. Hajiya ta shigo da kwaɗonta cikin babban kwano, aka sa hannu aka fara yabon da aka saba. Ina zaune cikin sabon zane, idona bai bushe ba, amma zuciyata na tafasa saboda kwanon rama. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai Malam ma ya bar mani irin wata rama wadda babu irinta a ƙasar nan, kuma bikin jikar Hajiya da za a yi ƙarshen damina ni zan kawo kwaɗon 'yan biki. Mata suka yi ta sa albarka, wasu har da share hawaye, wai dubi mutumin kirki, ya tafi bai manta da iyalinsa ba. Hajiya ta ce in nuna mata ta gani. Na ce ba a ganinta sai ta isa.

Daga ranar ramata ta tsaya cak, kamar ta ji abin da na ce ta yi niyyar kunyata ni. Tsawon tafin hannu ta kai ta tsumbure. Karan siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyen ƙasa ya yi rawaya yana zubewa, dukkansu sun karkata wuri ɗaya, wajen wata 'yar ɓula a jikin buhun taga. Ni kuwa da na ga suna leƙen ɓular sai na ƙara toshe ta da tsumma, na ce ta nan idon Hajiya ke shigowa.

Babu abin da ban yi ba. Na ce ƙishirwa ce, na dinga ba su ruwa duk bayan salla har ƙasar ta zama taɓo tana tsami. Na ce yunwa ce, na zuba masu kashin awaki, na bi da toka, na bi da guntun ganyen shayi. Na aika aka samo mani takin zamani na watsa da hannu sake, washegari bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da ashana. Na kakkafa masu tsinke na ɗaure su don su miƙe. Na yi tofi a ruwa na yayyafa. Na yi masu turaren wuta. Har rediyon Malam na kunna masu, tunda na san yana kunna wa tsuntsayensa. Ga tsohuwa zaune cikin duhu, kan buzun mijinta, ita da bokitai suna sauraren labaran duniya. A waje kuma ramar Hajiya ta wuce katanga tana kaɗa kai in iska ta taso, ni a ganina gwalo take yi mani.

Da abin ya ishe ni na haɗiye girman kai na shiga wajenta, amma ta bayan gida na ɓullo. Na ce wata 'yar'uwata ce a Ƙofar Kwaya ta yi shuka ta ƙi girma, ko me ke kawo haka. Hajiya ta dube ni ta ɗan yi murmushi, ta tambaya ko shukar tana samun rana. Ta ce in a ɗaki take a fitar da ita tsakar gida, a kuma rage mata ruwa, in ana so ita da kanta za ta je ta duba. Na yi godiya na fito ina cewa a raina, kin ji makirci, so take in fito da ita fili ta sa mata ido ta ƙarasa ta. Na koma na ƙara ruwa. Auta ma da ta zo daga gidan mijinta ta tambayi abin da ya sa ɗakin ke kulle, na ce kayan babanta ne ba na son a taɓa. (Ga ta nan tana girgiza kai. Rubuta kawai.)

Biki ya zo, ramata ko kwaɗon mutum ɗaya ba za ta yi ba. Na yi tunanin in sayo ta kasuwa in ce tawa ce, sai na tuna na ce babu irinta a ƙasar nan, Hajiya kuma loma ɗaya za ta yi ta gane. Ranar wuni na ɗauki 'yar gudummawata ta sabulu na shiga, na nemi lungu na zauna kusa da masu kiɗan ƙwarya, ina fatan an manta.

An manta ɗin kuwa, ban da mutum ɗaya. Goggo Mairo, yayar Alhaji, tsohuwa ce mai nauyin kunne, in za ta yi magana sai an ji ta a zaure. Ta hango ni ta ɗaga murya tana tambaya ina kwaɗon ramar Ladan da aka yi masu alkawari, ita tun safe ta ƙi cin komai tana jira. Hajiya ta yi sauri ta ce ai daminar bana ba ta yi wa kowa daidai ba, a bar maganar. Rufa mani asiri take yi, yanzu na sani. A lokacin kuwa sai na ji kamar ta ce ni ban iya komai ba. Wata daga baya ta ce ƙasa-ƙasa ƙila ma babu ramar, aka yi 'yar dariya.

Na tashi na fice. Na shiga gida na buɗe ɗakin na zaɓi wadda ta fi dama-dama, ta cikin bokitin fenti, na rungumo ta na dawo. Na tsaya tsakiyar tsakar gida na ce ga ta nan, wanda ya ce Malam bai bar mani komai ba ya zo ya gani.

Mata suka kewaye ni. Wata ta shafa karan ta ce ba ya ƙaiƙayi irin na rama. Wata ta tsinki ganye ta ɗanɗana ta ce babu tsami ko kaɗan. Wata ta sansana ta yamutsa fuska. Duk abin da suka faɗa sai in ce ai na gaya maku ba irin ta nan ba ce. Hajiya ta daɗe tana kallonta ba ta ce komai ba, ni kuwa na ce a raina yau dai na rufe mata baki.

Ana cikin haka Alhaji ya yi sallama ya shigo da masu ɗauke da lemon baƙi. Zai wuce idonsa ya faɗa kan bokitin, sai ya tsaya. Ya matso ya duƙa ya kalli ganyen, ya murza ɗaya ya kai hanci.

"Innar Auta, wa ya ba ki wannan?"

"Malam ya bar mani," na ce, na kuma ɗaga murya don na baya su ji.

"Ita kaɗai ce?"

"Ɗaki guda ne cike. A kulle yake, na toshe taga, ko Auta ba ta sani ba."

Na faɗi haka ina kallon Hajiya. Alhaji ya miƙe a hankali, ya rage murya ya ce, "Rufe bokitin nan da mayafinki. Wannan ba rama ba ce, wiwi ce."

Da a nan ta tsaya da na kusa kaɗai suka ji. Amma Goggo Mairo ta ga bakinsa ya motsa, ta dinga tambayar me ya ce, har wata ta gaji ta raɗa mata a kunne. Sai ta dafe ƙirji ta ce da iyakar muryarta, "Wiwi? Ladan ne ya bar mata wiwi?"

Masu kiɗan ƙwarya suka tsaya. Wadda ta ɗanɗana ganyen ta juya tana tofar da yawu. Dangin ango da suka zo daga wata unguwa suna tambayar wace ce ni, ana nuna ni da baki. Ni kuwa ina tsaye da bokitin a ƙirji, na rasa inda zan aje shi, in riƙe laifi in aje laifi. Duk kalmar da na faɗa da alfahari ta dawo mani ɗaya bayan ɗaya: ɗaki guda, a kulle, na toshe taga. Da alƙali ne ya tambaye ni ba zan iya kama kaina da kyau haka ba.

Amma ba kunyata ce ta karya ni ba. Na ji wata ta ce, "Ashe Malam ma," ba ta ƙarasa ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tada unguwa salla, ga shi ko shekara bai yi a kabari ba na ɗauko sunansa na kawo gidan biki cikin bokitin fenti. Na durƙushe nan na fasa kuka, ina cewa wallahi Malam ko goro bai cika ci ba. Hajiya Dije, wadda na yi damina guda ina toshe taga saboda ita, ita ce ta karɓe bokitin daga hannuna ta rufe shi da nata mayafin, ta ɗaga ni ta ce wa mata kowa ta koma wurinta, ba a san komai ba tukuna.

Alhaji ya aika aka kira mai unguwa, muka shiga gidana mu huɗu har da Hajiya. Na buɗe ɗakin. Mai unguwa ya dubi bokitai da tulu da rediyo da kaskon turare, ya dube ni, ya yi salati. Alhaji ya ce in nuna mashi inda na samu irin. Na miƙa mashi gwangwanin. Yana ganinsa ya zauna kan buzun Malam ya fara dariya, yana yi yana yi har dariyar ta koma hawaye na gaske.

Ya ce abincin kanari ne. Shi da kansa yake sayo wa Malam shi wajen wani mai sayar da tsuntsaye in ya ƙetara Maraɗi, gauraye yake zuwa da iri kala-kala. Malam kan zauna ya tsince waɗannan daban saboda tsuntsayen sun fi son su, in ɗaya ya yi kuka mai daɗi sai ya ba shi ƙwara ɗaya tukuici. Ya ce da ni ai kin sha ganin yana yin haka.

Na ce ban taɓa gani ba.

Ya dube ni da mamaki, ni kuma na sunkuyar da kai. Da sau ɗaya na amsa kiran Malam na shiga na ji kukan tsuntsun nan, da na san gwangwanin. Sannan wani abu ya sake soke ni, na ce da Hajiya cikin kuka, ashe ba ni ya aje wa ba, su ya aje wa. Har bayan ransa tsuntsayen nan sun ci ni. Hajiya ta rasa ko ta yi dariya ko ta rarrashe ni, sai ta haɗa duka biyun.

A gaban mai unguwa aka tuttuge su aka ƙone tare da sauran irin. Gwangwanin da ƙyallen dai na ce a bar mani, suna nan ƙarƙashin matashina. Mai unguwa ya ce in gode wa Allah da abin ya tsumbure, don da ya yi kyau da yanzu na ciyar da gidan biki kaf, har da dangin ango da Goggo Mairo da ta ƙi cin komai tun safe. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ya faɗa. Watau duk rashin iyawata, da duhun, da taɓon, da takin da na ƙona su da shi, su ne suka cece ni.

Bayan la'asar Alhaji ya miƙe a masallaci ya yi wa jama'a bayani tiryan-tiryan, ya ce in akwai mai laifi shi ne da ya sayo abincin. Sunan Malam ya wanku, wannan kuwa har in mutu ina yi wa Alhaji addu'a a kanshi. Nawa sunan ne bai wanku ba. Har gobe in ana rabon aikin suna ko biki, sai wata ta ce a ba Innar Auta tuwo ko wanke-wanke, amma kada a bar mata kwaɗo.

Da damina ta zagayo Hajiya ta shigo da irin rama na gaskiya ƙulle a bakin zanenta, Alhaji ya biyo ta da fartanya ya yi mani kunya biyu a tsakar gida, inda rana ke duka tun hantsi. Yana zuba ruwa tana ce mashi ya cika zubawa. Na tsaya ina kallonsu, a nan na yarda ba ramarta nake wa hassada ba tun farko. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu ko gero aka ba ni sai na kai wa Alhaji ya duba kafin ya taɓa ƙasa, kuma duk abin da zuciyata ta ce in kulle a ɗaki kada Hajiya ta gani, shi nake fara kai mata. Ramata ta fito ta yi kyau, kowa ya ce ta yi kyau. Sai dai tata ta ɗara tawa da kamu guda. Na auna da sandar Malam, ranar da na shiga gaishe ta ta tafi kawo mani ruwa.